Shaye-shaye: Muna Da Masu Kame, Ina Masu Bincike?

A watan Janairun 2019 aka fitar da rahoton da har yau kusan duk mai magana a kan shaye-shaye a Najeriya da shi yake kafa hujja. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ta yi aikin, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai sa ido kan miyagun ƙwayoyi da cibiyar bincike ta CRISA. Rahoton ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64, wato kashi 14.4 cikin ɗari na masu waɗannan shekaru, sun taɓa wata ƙwaya a cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari, a lokacin da adadin duniya baki ɗaya bai wuce kashi 5.6 ba. Miliyan 10.6 sun sha wiwi, miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafin ciwo irin su taramol ba da umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuwa maganin tari suke kwankwaɗa, kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. Daga wancan lokaci zuwa yau an yi kame ba adadi, an ƙona tulin ƙwayoyi a gaban 'yan jarida, malamai sun yi huɗuba, sarakuna sun yi kira, kuma duk wannan yana da amfaninsa. Abin da muka bari shi ne rainon mutanen da aikinsu safe da yamma shi ne gano abin da waɗannan ƙwayoyi suke yi a cikin ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu. A ganina, ƙasar da take ɗauke da masu shaye-shaye miliyan 14 dole ta sami nata masu binciken, kuma ba za ta same su ba sai ta zaɓi matasa masu fara aikin bincike ta riƙe su shekaru, da albashi, da kayan aiki, da malami a kansu.

Wannan ilimi yana da tarihin da ya kamata mai karatu ya sani. A 1954, a Jami'ar McGill da ke Kanada, James Olds da Peter Milner suka dasa siririyar waya a cikin ƙwaƙwalwar ɓera, suka haɗa ta da wani maɓalli da ɓeran zai iya dannawa da kansa. Idan wayar ta sauka a wani yanki na can ciki, sai ɓeran ya duƙufa yana dannawa sau ɗaruruwa cikin awa guda. Daga nan aka gane cewa akwai wata hanya a ƙwaƙwalwa da aikinta shi ne ta sa mai rai ya koma ga abin da ya taɓa yi masa daɗi, ko abinci ne, ko ruwa, ko saduwa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa wani sinadari mai suna dofamin ne jigon wannan hanya, kuma kusan duk abin da ke kama mutum, daga giya zuwa hodar iblis zuwa kodin, yana ƙara kwararar dofamin a wurin. Wolfram Schultz ya nuna a gwajinsa da birai cewa dofamin saƙon koyarwa ne: yana tashi idan abu ya zo fiye da yadda aka zata, don ƙwaƙwalwa ta haddace wurin da lokacin da mutanen da abin ya zo tare da su. Saƙon abinci yakan lafa idan an saba da shi. Ƙwaya kuwa da ƙarfi take tayar da shi, ta sake, ta kuma sakewa. A 1993 Terry Robinson da Kent Berridge na Jami'ar Michigan suka kawo bayanin da duk wanda ya zauna da ɗan ƙwaya zai gane shi nan take: jin daɗin abu daban, matsuwa gare shi daban, kuma a wurin wanda ya kamu daɗin yana raguwa alhali matsuwar tana ƙaruwa. George Koob ya ƙara da ɗaya ɓangaren, cewa idan tafiya ta yi nisa mutum yana sha ne don ya tsere wa ƙunci da fargaba da rashin barcin da ke taso masa in bai sha ba. Nora Volkow, wadda take shugabantar NIDA, cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka, tun 2003, ta nuna da hoton ƙwaƙwalwa cewa ɓangaren goshi, mai taka wa mutum birki, yana raunana a wurin waɗanda suka daɗe suna sha. Wannan ɓangare kuwa ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, shi ya sa wanda ya fara yana ɗan 14 ya fi shiga hatsari.

Amfanin sanin wannan a bayyane yake. Ruwa idan ya riga ya haƙa kwari a gona, ko rani ya yi tsawo, ruwan farko da zai sauka ta nan zai bi. Haka hanyar da ƙwaya ta haƙa take: ana iya tsare yaro wata shida bai ga ko kwalba ba, ya fito da ƙiba da rantsuwa, amma ganin lungun da ya saba zama ko jin muryar tsohon abokinsa ya ishe shi ya koma. Mafi muni, jikinsa ya riga ya manta da jure yawan da yake sha a da, don haka makonnin farko bayan fitowa su ne suka fi kisa ga mai shan dangin kodin. Iyalin da ba su san wannan ba sai su ɗauka taurin kai ne, su ƙara dukan. Daga irin wannan bincike ne aka sami magungunan da suke riƙe mai shan hiroyin ya koma aiki da iyalinsa, kamar metadon da Vincent Dole da Marie Nyswander suka gwada a New York a 1965, da naloksan mai farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba game da masu waɗannan nasarori. Lokacin gwajin ɓeran nan, Olds bai daɗe da gama digirin digirgir ba, Milner kuma ɗalibi ne. Candace Pert ɗaliba ce 'yar shekara 26 a Jami'ar Johns Hopkins lokacin da ita da malaminta Solomon Snyder suka wallafa, a 1973, gano gurbin da mofin da danginsa suke maƙalewa a ƙwaƙwalwa. Matasa ne suka buɗe wannan fage, amma matasan da aka ba ɗaki, da kuɗi, da malami mai lokacinsu.

Mai hankali zai ce to, tunda Turawa sun riga sun yi aikin, me zai hana mu karanta mu yi amfani da shi? Mu karanta, tabbas. Sai dai kowa ciwon gidansa yake bincika. NIDA tana kashe fiye da dala biliyan ɗaya a shekara, kuma hankalinta yana kan fentanil da hodar iblis da sauran abin da ya riƙa kashe Amurkawa sama da 100,000 a shekara daga 2021 zuwa 2023. Abin da ake sha a Kano da Damagaram da Marwa wani abu ne dabam: taramol, kodin da ake sirkawa da lemon kwalba, roci, ekzol, sholisho, zaƙami, kuma sau da yawa biyu ko uku a haɗe a ciki ɗaya. Taramol kaɗai ya isa misali. A Jamus aka ƙirƙiro shi a 1962, likita yana ba da miligiram 50 ko 100, kuma ba a so a wuce 400 a yini. A kasuwarmu ana samun ƙwaya ɗaya mai miligiram 225, kuma ɗan acaɓa ko lebura yana iya watsa da dama don ya jure aiki. Taramol ba kamar mofin yake ba, domin bayan kama gurbin mofin yana kuma taɓa wasu sinadarai biyu masu alaƙa da yanayin zuciya da kuzari, shi ya sa yawansa yake jefa mutum jijjiga kamar mai farfaɗiya, kuma naloksan ba ya warware wannan ɓangaren. Me yake faruwa da ƙwaƙwalwar matashin da ya shekara biyar yana shan wannan adadi, cikin zafin rana, da ƙarancin abinci, da zazzaɓin cizon sauro a kai a kai? Wannan tambaya ba ta damun mai bincike a Boston, kuma ba laifinsa ba ne.

Jikinmu ma ba lallai ya karɓi maganin yadda na Bature yake karɓa ba. Kodin da taramol ba sa nuna cikakken ƙarfinsu sai hanta ta juya su, kuma mai yin wannan aiki wani sinadari ne da masana suke kira CYP2D6, wanda ƙarfinsa gado ne. Wani hantarsa tana juya kodin zuwa mofin da sauri har abin da ba zai yi wa maƙwabcinsa komai ba ya iya tsayar masa da numfashi, wani kuma tasa a hankali take yi har ya ga kamar maganin ba ya aiki ya ƙara. A 1996 Eleni Aklillu da abokan aikinta suka gano cewa kusan kashi 29 cikin ɗari na Habashawan da suka gwada suna da gadon saurin nan, alhali a arewacin Turai bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu ba. A shekarar dai, Collen Masimirembwa ya bayyana wani nau'in mai rage ƙarfin sinadarin wanda ya yawaita tsakanin mutanen Zimbabuwe. Ƙasashe biyu a nahiya ɗaya, amsa biyu masu karo da juna. Afirka ta fi ko'ina bambancin ƙwayoyin gado, amma a manyan binciken gado na duniya masu asalin Afirka ba su wuce kusan kashi biyu cikin ɗari ba. Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Buzu, waɗanda suke cikin masu fama da kodin da taramol, sun cancanci a auna su da kansu maimakon a yi musu kirdado da awon wasu.

Kasuwar kuma ba ta jiran kowa. A ranar 30 ga Afrilun 2018 BBC ta saki fim ɗin binciken da ta yi kan maganin tari mai kodin, washegari gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi. Da Indiya ta tsananta doka kan taramol a wannan shekara, sai wasu kamfanoni suka koma haɗa tafentadol da wani maganin sassauta jijiya suna turowa Afirka ta Yamma, har sai da wani binciken BBC ya sake fallasa su a Fabrairun 2025. A Saliyo, shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci kan wani kayan maye mai suna kush a Afrilun 2024, bayan shekarun da aka yi ana ta jita-jitar abin da ke cikinsa, kuma da aka yi gwajin kimiyya sai aka tarar da nitazin, dangin ƙwayoyi masu tsananin ƙarfi da suke kisa a Turai. Akwai ma wani labari daga maƙwabta da ya nuna yadda abin ya ratsa ƙasa. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar cewa sun sami taramol a cikin saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, aka yi ta murnar cewa itacen ne yake ƙera shi. A 2014 wata tawaga daga Dortmund ta Jamus, tare da masana na Kamaru, ta nuna cewa manoma ne suke shan ƙwayar suna kuma ba shanun huɗa don su jure aiki, fitsari da kashi suka kai ta cikin ƙasa, saiwa ta tsotsa. Irin wannan gaskiya ba ta fitowa sai da injin tantance sinadarai da mutumin da ya iya tuhumar sakamakonsa.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini a Arewa ita ce ta tarbiyya. Za a ce shaye-shaye saɓo ne da lalacewar gida, kuma duk wanda ya kira shi ciwon ƙwaƙwalwa ya ba mai laifi mafaka. Ina ɗaukar wannan magana da muhimmanci, domin kurɓar farko zaɓi ce, kuma gida da makaranta da masallaci su ne katangar farko. Amma addinin da muke kafa hujja da shi bai yi wa al'amarin gaggawa ba. Haramcin giya mataki-mataki ya sauka. Malaman usulu sun lissafa kiyaye hankali cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare, kuma a cikin Sahihul Bukhari akwai labarin sahabin da aka yi ta kawowa ana yi masa haddi saboda giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Sanin dalilin da ya sa mutum yake komawa bai wanke shi daga alhaki ba, kamar yadda sanin sababin hawan jini bai halatta wa mai shi cin gishiri ba. Abin da sanin yake hanawa shi ne zalunci da sunan gyara. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka, a Oktoba kuma aka bankaɗo irinsa a Daura da Katsina. Iyayen da suka kai 'ya'yansu gidajen mari ba mugaye ba ne. Mutane ne da suka rasa inda za su, aka nuna musu ƙofa ɗaya tilo, suka shiga.

Akwai kuma suka daga cikin masanan kansu, kuma ita ce ta fi koya mana irin horon da ya kamata mu ba matasanmu. Tun da Alan Leshner, shugaban NIDA na lokacin, ya wallafa a 1997 cewa kamuwa da ƙwaya ciwon ƙwaƙwalwa ne, wasu masana irin su Gene Heyman da Carl Hart suke cewa an zuzuta batun, an manta da talauci da rashin aiki da kaɗaici. Babbar hujjarsu binciken Lee Robins ne kan sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam a 1971. Kusan ɗaya cikin biyar ya kamu da hiroyin a can, amma a shekarar farko bayan dawowa gida kusan kashi biyar cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa. Wuri ya canja, abokai suka canja, fargabar yaƙi ta kau, sai mafi yawansu suka bari. Rahotonmu na 2019 ma ya nuna cewa ɗaya cikin biyar na masu shan ne abin ya zame wa ciwo. Na yarda da wannan suka, kuma a ganina ƙarfafa maganata take yi. Idan muhalli yana da wannan tasiri a kan ƙwaƙwalwa, to dole a yi binciken a cikin muhallinmu, a tashar mota da majalisar unguwa da ɗakin amarya da sansanin 'yan gudun hijira. Kuma tambayar da ta fi kowace amfani, wato me ya raba mutum ɗayan da ya nutse da huɗun da suka tsira, ba mai amsa ta sai wanda ya san jijiya kuma ya san unguwa. Saboda haka matashin da za mu horar ya kamata ya yi wata shida a ɗakin masu jinya yana sauraro kafin ya taɓa ɓera.

Sai batun kuɗi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha faɗin cewa mambobinta da ke aiki a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Wanda ya ce a fara samar da likitoci da gadaje yana da gaskiya, kuma ban ce a ɗauki kuɗin gado a sayi ɓeraye ba. Amma an cika zuzuta tsadar wannan bincike saboda ana tunanin injin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na miliyoyin daloli. Ƙaramin ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro yana maye da giya, yana sabawa da ita, yana nemanta, kuma da shi Ulrike Heberlein ta gano ƙwayoyin gado masu alaƙa da saurin buguwa a 1998. Abincinsa ɗan gari ne da yis, kuma cikin mako biyu ya hayayyafa. Tun 2011 ƙungiyar TReND in Africa take koya wa matasan Afirka bincike da wannan ƙuda da na'urori masu araha, ta fara daga Yuganda. A Damaturu, Dokta Mahmoud Bukar Maina na Jami'ar Sussex, ɗan asalin Yobe, ya jagoranci kafa cibiyar bincike ta BioRTC a jami'ar jihar a 2021, da tallafin gwamnatin jiha da kayan aikin da aka samo daga waje. Jihar da ta sha wuyar Boko Haram ta iya wannan, don haka babu jihar da za ta ce ba ta iyawa. Maina ɗin ne kuma ya jagoranci nazarin da aka wallafa a 2021 kan binciken ƙwaƙwalwa a Afirka daga 1996 zuwa 2017, wanda ya nuna cewa Masar da Afirka ta Kudu ne suka samar da kusan rabin ayyukan, Najeriya tana ta uku, kuma a Afirka ta Yamma binciken ya karkata sosai ga gwada tsirran magani, da ƙarancin amfani da dabarun zamani.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ainihin ciwon, kuma a nan nake so in daɗe. Duk wanda ya leƙa sashen nazarin jiki ko na harhaɗa magunguna a jami'o'inmu ya san yadda aikin digiri na biyu yake tafiya: a jiƙa ganye, a ɗura wa ɓeraye talatin da aka kasa gida biyar, a yanka, a rubuta cewa ganyen yana da alamar amfani, a ba da shawarar a ƙara bincike. Tsirranmu sun cancanci a bincike su, ba shakka. Amma ɗalibin da ya yi wannan bai koyi yin tambaya ba, bai koyi lissafin yawan dabbobin da zai sa sakamako ya zama abin dogaro ba, bai koyi ɓoye wa kansa wane rukuni ne ya sha magani don kada son zuciya ya shiga awonsa ba, bai kuma koyi cewa gwajin da ya nuna babu komai shi ma sakamako ne da ya wajaba a rubuta ba. Ba laifin ɗalibin ba ne, kuma sau da yawa ba laifin malaminsa ba ne, domin ɗalibin da aljihunsa yake sayen sinadaran, malamin kuma yana duba mutum ashirin, kuma ƙarin girma da yawan takardu ake samunsa ba da nauyinsu ba. Taron bita na kwana biyar a otal ba ya gyara wannan. Bita tana buɗe ido, amma mai bincike a hannun malami yake nuna, a gwajin da ya lalace sau goma aka zauna da shi aka gano dalili, a taron mako-mako inda na ƙasa yake da ikon ce wa farfesa bai gamsu ba. Wannan na ƙarshe yana da wuya a al'adarmu ta girmama na gaba, amma malaman zaure sun daɗe suna barin ɗalibi ya kawo ishkali a gaban littafi, kuma ba a ɗauke shi rashin kunya ba.

Inda muke asarar mutane shi ne shekaru biyar na bayan digirin digirgir. Matashi ya dawo daga Ingila ko Malesiya da ƙwarewa a hannu, sai a miƙa masa aji mai ɗalibai ɗari biyar, da jarrabawa, da aikin tattara sakamako, babu ɗakin gwaji, babu wutar da za ta riƙe firji. Cikin shekara uku hannun ya mutu, ko kuma mutumin ya koma inda ya fito. Amurka ma ta ga irin wannan rami, inda aka wayi gari mai bincike yana haura shekara 40 kafin ya sami babban tallafinsa na farko, sai hukumar binciken lafiyarta ta ƙirƙiro wani tallafi a 2006 da yake ba matashi har shekara biyu a ƙarƙashin malami, sannan shekara uku yana cin gashin kansa. Wannan tsari ne za mu iya kwaikwaya daidai ƙarfinmu. Asusun TETFund yana da reshen tallafin bincike, kuma a baya ya yi shekaru yana tura malamai karatu waje. Abin da ya rage shi ne kashi na biyu: gurbi na shekara biyar ga wanda ya dawo, da rage masa koyarwa zuwa rabi a rubuce, da kuɗin kayan aiki da za su shiga hannunsa ba tare da sun kwana a ofisoshi ba. Kada kuma a watsa su ɗaya-ɗaya a jami'o'i talatin don a ce an yi adalci. A tara su wuri biyu ko uku inda jami'a take maƙwabtaka da asibitin ƙwaƙwalwa, kamar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano da Dawanau, ko Zariya da Barnawa, ko Sakkwato da Kware, ko Maiduguri, a kuma buɗe ƙofa ga 'yan Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, tunda taramol ba ya tsayawa a kan iyaka.

Za a ce in an horar da su guduwa za su yi. Wasu za su tafi, kuma ba wanda ya isa ya ɗaure su. Amma mai bincike yakan bi inda aikinsa zai yiwu, kuma muna da abin da babu a Landan: tambayoyin da ba a taɓa amsawa ba da mutanen da abin ya shafa. Masimirembwa a Suwidin ya yi karatu, ya koma Harare ya kafa cibiyarsa a 2002. Cibiyar ACEGID da ke Ede a jihar Osun ita ta fara fitar da taswirar ƙwayar cutar korona a Afirka a Maris ɗin 2020, saboda an riga an yi shekaru ana rainon matasa a cikinta kafin annobar ta zo. Tun kafin su duka, Thomas Adeoye Lambo ya dawo daga Ingila ya fara tsarin jinyar masu taɓin hankali a cikin ƙauyen Aro kusa da Abekuta a 1954, inda majinyaci yake zama da danginsa, duniya kuma ta zo ta koya a wurinsa. Wanda ya tafi ma ba a rasa shi ba idan akwai ɗakin gwajin da zai riƙa aiko wa ɗalibai da kaya, kamar yadda Damaturu ta nuna.

Sharuɗɗa biyu ne ba zan sassauta a kansu ba. Na farko, a sa mata cikin waɗanda za a horar tun daga rukunin farko. Matar aure da take shan kodin a ɗakinta ba za ta buɗe baki ga baƙon namiji mai takarda a hannu ba, kuma illar waɗannan ƙwayoyi ga mai ciki da jaririn da take shayarwa babi ne mai zaman kansa, domin mofin da hanta ta juyo daga kodin yana bin nono. Na biyu, a raba bincike da kame. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana da aikinta, kuma ita ce take da samfurin abin da ake kamawa, don haka haɗin kai da ita wajen tantance sinadarai ya zama dole. Amma ranar da sunan wanda ya ba da jininsa don bincike ya isa ofishin masu kame, ranar binciken ya mutu a wannan gari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci da sirrinsa, kuma wajibi ne matashin mai bincike ya san ta kamar yadda ya san na'urarsa, ya kuma iya bayyana wa mutum da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci abin da za a yi da jininsa kafin ya amince.

Aikin farko da zan ɗora wa irin wannan rukuni shi ne bin sawun yara. A Amurka tun 2016 ake bin yara kusan 12,000 da aka ɗauka suna 'yan shekara 9 zuwa 10 a cibiyoyi 21, ana auna su lokaci bayan lokaci don a ga wa zai fara sha, yaushe, kuma me ya riga shan zuwa. Namu ba sai ya kai wannan girma ko tsada ba. Yara dubu biyu a Kano da wani gari na karkara, 'yan boko da almajirai da masu talla, maza da mata, da gwajin tunani a kan ƙaramar kwamfuta, da ɗan yawu don duba gado, da hira da iyaye sau ɗaya a shekara, sun isa su nuna mana a wane shekaru ya kamata rigakafi ya fara da kuma waɗanne yara ne suka fi bukatarsa. Irin wannan aiki yana cin shekara goma zuwa sha biyar, ya fi wa'adin gwamna biyu, don haka kuɗinsa sai an kafa shi da doka, kuma jagorancinsa sai an damƙa wa 'yan shekara talatin da za su kai shi ƙarshe. Gwamnonin Arewa maso Yamma suna da dandalin da suke haɗuwa. Gurbin mutum goma na shekara biyar, da ɗakin gwaji ɗaya mai wutar sola da injin tantance sinadarai, abu ne da jihohi bakwai za su iya sa wa hannu a zama guda.